Daga Ajiwa zuwa randa: inda ruwan Katsina yake maƙalewa

A gidanmu na gado, can cikin birni, akwai rijiya a tsakar gida dab da madafi. Muna yara Inna takan ce igiya gaba shida ta ishe ta, ko da tsakiyar bazara ne. Daga baya aka fara ƙulla wa igiyar ƙari, bana gaba ɗaya, baɗi gaba ɗaya, har ta kai mai jan ruwa sai ya ji ƙulli uku sun wuce ta tafin hannunsa kafin guga ya taɓa ruwa. Yanzu kuwa da watan Maris ya kama, sai dai ka ji guga ya dira a kan laka. Akwai famfo a gidan, yana nan a jikin bango da kansa na tagulla. Amma abin da yake cika randa a mafi yawan kwanakin shekara shi ne kiran da yara ke ƙwallawa daga ƙofar zaure da sassafe: "Mai ruwa, a kawo kura ɗaya!"

Gida ɗaya, hanyoyin ruwa uku, kuma babu wadda mutum zai jingina da ita hankali kwance. In aka tayar da zancen a majalisa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, ai mu a bakin hamada muke. Gaskiya ne. Sai dai ni abin da na fahimta, ruwan da Allah yake saukar wa ƙasar Katsina, da wanda aka riga aka tare a madatsai, ya isa ya shayar da birnin nan. Cikas ɗin yana tsakanin madatsa da randa, ya kuma ƙaru tun da kowannenmu ya fid da rai da ruwan gari ya koma neman mafitar gidansa shi kaɗai.

Bari mu fara da abin da ke shigowa. Ruwan sama a Katsina bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a markar Agusta. Sauran wata takwas gari ajiya yake ci, kamar yadda manomi ke cin abin da ya zuba a rumbu da kaka. Rumbunan ruwa kuwa biyu ne kacal. Akwai na sarari, wato madatsai, akwai na ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyi da burtsatse ke ɗiba. Duk birnin da ke son ya tsara ruwansa, tambayoyin mai gida a gaban rumbu zai yi: nawa ya shiga, nawa ake ɗiba kullum, nawa gara da ɓera ke ci, wa ke riƙe da mabuɗi.

Nawa ake ɗiba? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki da tsaftar bayan gida. A ɗauki mafi ƙaranci. Gida mai mutum goma, lita 500 ke nan, wato jarka 20 ta lita 25, kusan kura biyu kullum. Duk wanda ya taɓa riƙe cefanen gida ya san gidaje ƙalilan ne ke iya sayen haka. Sauran wanka ake ragewa, wanki ya jira Asabar, ruwan ɗauraye kwanuka a sake wanke wani abu da shi.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina tana da mutum kimanin 318,000. Tun daga nan gari ya daɗe da tsallake iyakarta, ya shiga ƙasar Batagarawa da sauran maƙwabta. Ga jami'o'i da kwalejoji, ga rukunan gidaje, ga kuma bayin Allah da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu ta wajen Batsari da Jibiya da Safana suka shigo birni, su ma kuwa da ƙishirwarsu suka zo. Ko da rabin miliyan kawai muka ɗauka, a kan lita 100 kowane mutum, lita miliyan 50 ke nan a rana, wajen lita biliyan 18 a shekara. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Madatsar Ajiwa, da ke kan kogin Tagwai a ƙaramar hukumar Batagarawa, ita ce uwar ruwan famfon Katsina. An gina ta a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Katsina hedikwatar lardi ce, ana mulkinta daga Kaduna. Sai a 1987 aka yi jiha, gari ya zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. An ɗinka rigar ne ga yaro, ga shi yau ya zama magidanci. Abin da aka gina Ajiwa ta riƙe lita biliyan 20 ne da 'yan kai, wato kusan buƙatar shekara ɗaya tak bisa lissafinmu na sama. Kuma ba duka ke isowa gari ba. Rana da iskar hunturu suna ɗauke kaso mai tsoka, domin a yankinmu abin da ke tashi sama daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya ninka abin da damina ke zubarwa. Sannan ga laka. Kowace damina kogi yana ɗauko ƙasar gonaki ya sauke ta a gindin madatsa, a hankali ciki yana cikowa. Mai wucewa zai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, bai san faranti yake kallo ba a inda dā akwai kwano.

To, ba Ajiwa kaɗai muke da ita ba. Madatsar Zoɓe da ke kan kogin Karaduwa, a ƙasar Dutsin-Ma, an kammala ta a 1983, kuma tana iya riƙe sama da lita biliyan 170. Wannan ya ninka buƙatar birnin ta shekara guda fiye da sau tara. Madatsar Jibiya a kan kogin Gada tana riƙe kimanin lita biliyan 140. Can wajen Daura ga Sabke. Amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan sha na Zoɓe. Daga 1983 zuwa 2021 shekara 38 ne. Jaririn da aka haifa ranar da aka tare Karaduwa ya yi aure ya kai 'ya'ya makaranta, ruwan yana kwance. Nan ne karin maganar nan ta zauna daram: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Me ya sa guga yake hanawa? Dalili na farko, aikin ba a hannu ɗaya yake ba. Manyan madatsai irin Zoɓe da Jibiya na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ɗaya daga cikin hukumomin koguna da aka kafa a shekarun 1970. Tace ruwa da rarraba shi a birane kuwa aikin jiha ne, ƙauyuka kuma suna tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. Kowa da kasafinsa, kowa da lokacin da kuɗinsa ke fitowa, kowa da zaɓen da ke gabansa. In mai madatsa ya gama nasa, mai bututu bai fara ba, ruwan na kifi ne da masunta. Dalili na biyu shi ne halin siyasa a ko'ina: madatsa ana ganinta, ana yanka kyalle a bakinta, bututu kuwa binne shi ake yi.

Dalili na uku shi ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi aka fi mantawa. Ruwan famfo ba gini ba ne da za a gama a tafi, sana'a ce ta kullum. Wanda ya taɓa ganin ruwan madatsa da damina ya san kalarsa, ja-ja-wur kamar kunun kanwa. Sai an jawo shi da inji zuwa matata, a zuba masa alam, ƙurar da ke yawo a ciki ta dunƙule ta kwanta. A bi da shi ta cikin yashi da tsakuwa ya tace, a sa masa kulorin daidai gwargwado don kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu injunan su tura shi zuwa manyan tankuna, daga nan ya bi bututu ya shiga unguwanni. Ruwa kaya ne mai nauyi, lita dubu tan guda ce. Turo lita miliyan 50 daga Zoɓe, tafiyar fiye da kilomita 60, daidai yake da ɗaukar tan dubu 50 kowace rana ta Allah. Wutar lantarki ke wannan dako, in babu ita sai man dizal. Ranar da wuta ta ɗauke, ko alam ya ƙare a sito, ko wani ƙarfe ya karye a inji babu madadinsa a ajiye, madatsa tana cike famfo zai yi shiru.

A ce ma komai ya tafi daidai, ruwa ya shigo gari. Nan gara da ɓera ke jira. Akwai bututun da suka tsufa, akwai waɗanda aka fasa garin gina titi ko kwalbati, akwai jonin da aka yi cikin dare ba da sanin kowa ba. Kowa ya taɓa ganin lungun da ke da danshi da tsakar bazara, ciyawa kore shar a gefen hanya, an kafa dutse ana tsallakawa. Wancan ruwa an saye masa alam, an ƙona masa wuta, ya zo har gida ya zube. Akwai kuma masu hali da ke ɗaura ƙaramin inji a bakin bututu, da ruwa ya zo su zuƙe shi zuwa tankin sama, na ƙarshen layi su kwana suna jiran abin da ba zai iso ba.

Ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe yana da wata illa da ido ba ya gani. Bututu in yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage waje yake fesawa. In ya zama fanko, abin da ke kewaye da shi ne ke shiga. Mu kuma a yawancin lungunanmu ƙananan bututun gidaje ta cikin kwata suke ratsawa. Shi ya sa ruwan farko bayan kwana da kwanaki yakan zo da launi da wari, mata su ce a bari ya zuba tukuna. Ta nan amai da gudawa da taifot ke samun ƙofa. A labarin Daura da kowane ɗan Hausa ya sani, mutane ba sa samun ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, kuma an riƙe wannan a matsayin ƙuncin da ya isa a ba da labarinsa har jikoki. Yau ma akwai unguwannin da ke ƙirga ranakun famfo da yatsa.

Wannan ciwo yana da magani, an kuma gwada. Babban birnin Kambodiya a 1993 yana asarar kimanin kashi 72 cikin ɗari na ruwan da yake tacewa, tsakanin yoyo da sata da rashin biya. Suka canza bututu, suka sa wa kowane gida mita, suka kafa masu gyara da ke fita dare da rana, suka tilasta wa manya su biya kamar kowa. Cikin shekara goma sha wani abu asarar ta sauko ƙasa da kashi 10. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ce, ba ta fi mu arziki ba.

Sai batun da mutane ba su son ji, wato biyan kuɗi. Sau da yawa za ka ji an ce ruwa na Allah ne, don me za a sayar? Maganar tana da tushe, domin ya zo a hadisi cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da makiyaya da wuta. Amma ko a zamanin Manzon Allah (SAW), da mutanen Madina suka matsu, sai da Sayyidina Usmanu ya sa dukiyarsa ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafi da ita. Ruwan kyauta ne, guga da igiya kuwa wani ne ya biya. Kuma mu daina yaudarar kanmu, babu wanda ke shan ruwa kyauta a Katsina. Wanda ya fi kowa biya da tsada ma shi ne talaka.

Akwai wani mai ga-ruwa da ya daɗe yana kawo mana, ɗan ci-rani ne daga wani ƙauye ta wajen iyaka. Wata rana da zafin Afrilu na tarar da shi ya tsaya a hawan lungunmu, ya tokare kura da gwiwa, jarka goma sha biyu a ciki, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na taya shi turawa, na kuma yi masa ƙorafin ƙarin kuɗin da ya yi. Ya share fuska da gefen riga ya ce, "Malam, wallahi ni ma saye nake yi. In ba wuta mai bohol inji yake tayarwa, sai ya ƙara mana. Ga kuɗin hayar kura, ga faci. Tun asuba nake layi, wannan ce ta biyu." Ban sake yi masa ciniki ba. Shi ne bututun da ba a shimfiɗa ba, da ƙashin bayansa yake cike giɓin. Amma duba yadda lissafin ya kasance: mai gida a unguwar da famfo ke zuwa yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wata, wani lokaci ma ba ya biya, ita kuwa bazawarar da ke ɗakin haya a bayan gari jarka-jarka take saye, kowace lita a farashi mafi tsada a garin.

Daga nan abin yake zama zobe. Ruwa ba ya zuwa, mutane su ƙi biya. Ba a biya ba, babu kuɗin alam da gyara. Babu gyara, ruwa ya ƙara ɗaukewa. Masu hali su haƙa bohol su sa sola su fita daga layin gaba ɗaya. Fitarsu asara biyu ce, domin su ne masu iya biyan bil, su ne kuma masu muryar da ake ji in sun yi ƙorafi. Ranar da babban mutum ya daina buɗe famfon gwamnati a gidansa, ranar ce famfon ya rasa mai tsaya masa. Abin da nake ganin ya dace shi ne a sa mita, a yi farashi hawa-hawa. Ruwan buƙatar dole ya zo da rahusa, mai wankin motoci da mai kamfanin fiya wata da mai otal su biya cikakken kuɗi. Unguwannin da bututu bai shiga gida-gida ba a kafa musu famfon unguwa mai tsayayyen farashi, kamar yadda ake yi a biranen Nijar da Burkina Faso, 'yan ga-ruwa su ma su riƙa ɗiba a nan, a san abin da suke kai wa mutane.

Mu koma rumbu na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, don shi ba a ganin cikinsa. Yawancin ƙasar jihar nan a kan dutse take zaune. A irin wannan wuri ruwa ba teku ba ne a ƙarƙashin ƙasa, yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogi. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi da ƙura. Ta arewa, inda ƙasa ta fi yashi, abin ya ɗan fi sauƙi. Ko ina ne dai, damina ce ke mayar da abin da aka ɗiba. In bohol goma suna zuƙa a layi ɗaya, kamar yara goma ne da tsinke a ƙwarya ɗaya, mai dogon tsinke shi ke shan na ƙarshe. Rijiyar gidanmu ba tsufa ta yi ba, an fi ta tsawon tsinke ne.

Muna ƙara ɗiba, muna kuma toshe hanyar da ruwan ke bi ya koma. Magabata da suka gina ganuwa da gidajen ƙasa sun bar kududdufai a inda suka haƙi ƙasar gini. Da damina ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta, ya yi wata da watanni yana tsatsafowa ƙasa, rijiyoyin kewaye suna sha. Sunaye irin Rafindadi da Rafukka ma suna tuna mana cewa garin nan ya san ruwa a cikinsa. Ba na cewa kududdufi aljanna ne, ya tara sauro da shara, ya kuma ci yara. Amma maganinsa a killace shi a tsabtace, mu kuwa sai muka cike da bola muka yanka filaye. Tsakar gida ta koma siminti, ƙofar gida ta koma intalok. Ruwan da dā yake nutsewa yanzu gudu yake yi a kan titi, ya shiga ɗakunan mutane a Agusta, ya fice daga gari cikin awa biyu, a Afrilu kuma mu bi shi da kuɗi. Ambaliya da ƙishirwa a garin nan uwarsu ɗaya.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, in aka yi ruwan milimita 600, lita 60,000 ne ke sauka a kansa, jarka 2,400 ke nan. Indararo yana zubar da su a lungu muna kallo.

Akwai kuma abin da muke zubawa a cikin rumbun da hannunmu. Masana tsafta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin da aka fi yankawa a unguwannin awon igiya ƙafa 50 ne sau 50, wato wajen mita 15 kowane gefe. Ko ka nisanta rijiyarka da masanka, na maƙwabci yana bayan katanga. Wannan ba laifin mai gida ba ne, ba kuma abin da zai iya gyarawa shi kaɗai ba ne. Ruwan kwatocin birni kuma yana tattaruwa ya bi rafin Ginzo, inda masu lambu ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ke ban ruwa da shi da rani, latas da kabejin su dawo kasuwa. Ba na goyon bayan a kore su, sana'arsu ce, suna kuma ciyar da gari. A yi tafkunan tace ruwan kafin ya isa gare su, a hana zuba bakin mai da ruwan rini da jinin mayanka a kwata.

Kariyar madatsa ita ma ba a bakin madatsa take farawa ba. Ruwan da zai fito a famfon Ƙofar Ƙaura ya fara ne a gonar wani manomi da ke saman Tagwai. In ya sare itatuwan gonarsa, ya yi huɗa har bakin gulbi, ƙasarsa ce za ta cike Ajiwa, takinsa da maganin feshinsa kuma su biyo ruwa. In masu tifa suka kwashe yashin gulbi, sun kwashe soson da ke riƙe ruwa da rani. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, suna da babin harimi, wato filin da ake bari kewaye da rijiya ko kogi ba a gini ba a yin abin da zai cuce shi. Amma ba za ka ce wa manomi ya bar gefen gonarsa don mutanen birni su sha ruwa ba, ka tafi ka bar shi hannu rabbana. Sai an ba shi dashe, an ba shi abin da zai rage masa asara, an sa dagaci da mai unguwa a cikin maganar. Misalin ma ba nisa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Da ma ruwan ya haɗa mu, Gada da muka tare a Jibiya shi ne Gulbin Maraɗi in ya tsallaka iyaka, kuma a 1990 Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Gada da Tagwai.

Dole kuma gari ya yi tanadin ranar da ba a so. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe sama da mutum 40 a Jibiya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shafe babban ɓangare na Maiduguri, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin yi. Madatsanmu na ƙasa ne, sun haura shekara talatin, wasu sun doshi hamsin, suna buƙatar a riƙa duba jikinsu da mafitar rararsu kafin kowace damina. Ta ɓangaren fari kuwa, birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa rufe famfunansa a 2018. Abin da ya taimake su, hukuma ta riƙa sanar da jama'a yawan ruwan da ya rage a madatsai a kai a kai, aka taƙaita wa kowa lita 50 a rana. Mutane sun yarda sun ƙuntata wa kansu ne saboda an nuna musu cikin rumbu.

Duk wannan yana komawa ga yadda ake yanka ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, saboda haka ikon yana nan. Abin da muke yi dai a juye yake: a yanka fili, a yi gini, mutane su tare, sannan a fara tambayar ta ina bututu zai bi, alhali lungun ko kura da ƙyar take shiga. Kafin a ba da izinin sabuwar unguwa ya kamata a san inda ruwanta zai fito, inda ƙazantarta za ta tafi, da kwarin da za a bar wa ruwan sama. A 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin samar da ruwan sha da tsafta mai suna SURWASH, na dala miliyan 700, don jihohi bakwai, Katsina na ciki, kuma tsarinsa shi ne a ga sakamako sannan a saki kuɗi. Sakamako kuwa sai da awo. Da za a tambaye ni inda za a fara, zan ce a fara da mita a bakin matata da mashigar kowace shiyya, a yi rajistar kowane bohol da zurfinsa, a auna lakar da ke cikin Ajiwa, sannan duk wata a karanta wa jama'a alƙaluman a rediyo da Hausa. Tsofaffin rijiyoyin cikin birni ma ma'auni ne da ba sai an saya ba. Igiya da ɗan littafi sun isa a san ko ruwan ƙasa yana hawa ko yana sauka a kowace unguwa.

Bara ƙanen mahaifinmu ya kawo shawarar a cike tamu rijiyar a yi ɗaki a wurin, tunda gida ya cika, ita kuma ba ta ba da komai rabin shekara. Inna ta ce, "Malam Ƙarami, ba da raina ba." Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan a yashe ta, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Muka haƙa rami a gefe nesa da masai, muka cika shi da tsakuwa da yashi, muka karkato indararon ɗakuna biyu zuwa cikinsa, ruwan farko mai ƙurar kwano kuma a bar shi ya wuce waje. Gida ɗaya ba zai ɗaga ruwan unguwa ba, mun sani. Na dai samo littafi na rataye a madafi, ranar ɗaya ga kowane wata yaran gidan suna zura igiya su rubuta gaba nawa ta ci kafin ta jiƙe.